Gargaɗi Ga Malamai Da Almajirai Bisa Ciwon Da Ke Lafawa Ya Komo

 Ya ku 'yan'uwa malamai, da ku almajirai masu karanta wannan takarda a zaure da bakin masallaci, akwai wani ciwo da ya wajaba ku san sunansa da halinsa. Dalili kuwa, ku ake fara kawo wa mai shi tun likita bai gan shi ba, kuma in likita ya gama tasa maganar a asibiti, taku ake bi a gida. Kalma guda daga bakin malami ta isa ta sa mutum ya riƙe maganinsa, kalma guda kuma ta isa ta sa ya watsar da shi.

Bari in fara da abin da idona ya gani. Ina da wani almajiri, ba ni faɗin sunansa don kada in tona asirin gidansu. Ya sauke, ya haddace, hannunsa a rubutu kuwa in ya ja baƙi ya sa wasali sai ka ce ɗab'i. Yana da shekara 26 ya tafi Masar neman ƙarin karatu. Can wata safiya ya tashi idonsa na dama ya yi hazo, in ya juya shi ya ji zafi. Bayan 'yan makonni idon ya washe da kansa. Da aka yi wata 7 sai ƙafarsa ta hagu ta yi nauyi, yana jin ta kamar ba tasa ba. Likitocin can suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, suka ɗebi ruwa daga gadon bayansa, suka gaya masa sunan ciwon, suka ɗora shi bisa allura. Shekara 2 yana yi, lafiya lau. Ya komo gida. Sai dangi suka taso masa: kai da ke lafiya garau, me ya haɗa ka da allura? Aka kai shi wurin wani mai magani, ya ce jifa ne aka yi masa saboda hassadar karatunsa. Ya yi masa hayaƙi kwana 7, ya karɓi rago da kuɗi, ya ce an cire, kuma lalle ya bar allura, wai ci gaba da ita shakka ce, shakka kuwa tana karya aiki. Ya bari. Wata 14 ba abin da ya same shi, mai maganin yana ta yawo da labarinsa gari gari. A wata na 15 ciwon ya komo. Yau da sanda yake tafiya, hannunsa na dama yana rawa, ba ya iya jan layi ɗaya bisa allo. Ya koma kan magani, ciwon ya tsaya inda ya kai, amma hannun bai komo ba. Ni ma ina da nawa laifin, domin na ji an ce zai bari, na yi shiru. A lokacin ban san abin da na sani yau ba.

Fasali, bayanin ciwon

Ku sani, ƙwaƙwalwa tana cikin kai, laka kuma ta sauko daga gare ta ta cikin ƙashin baya. Su biyun nan cike suke da zarurruka sirara ƙwarai, masu kai umurni ga gaɓoɓi, su komo da labarin gani da ji da taɓawa. Kowane zare yana da kube mai maiƙo da ya lulluɓe shi, kamar yadda roba ke lulluɓe wayar lantarki. A wannan ciwo, dakarun da ke cikin jini don yaƙar cuta, watau garkuwar jiki, su ne ke ɓatan kai su faɗa wa kuben nan da yaƙi. Wurin ya kumbura, saƙo ya kasa wucewa. In a jijiyar ido ne, gani ya dushe. In a laka ne, ƙafa ta mutu, ko fitsari ya ƙi riƙuwa. In wajen ƙeya ne, sai jiri da tangaɗi da ganin abu ɗaya biyu. In kumburin ya sace sai ya bar tabo mai tauri, nan da can. Daga nan sunan ya fito: Larabawa suna cewa attasallubul muta'addid, watau taurarewa a wurare masu yawa, likitoci kuwa suna taƙaita nasu sunan su ce Em-Es.

Wani likita Bafaranshe mai suna Sharko, a birnin Faris, shi ya fara bayyana shi filla-filla a 1868. A ƙidayar da aka fitar a 2020 mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da shi a duniya, mata sun ninka maza, kuma galibi tsakanin shekara 20 zuwa 40 yake kama mutum, lokacin karatu da aure da neman abinci. Ya fi yawa nesa ba kusa ba a ƙasashen Turai da Kanada da Amurka. A ƙasarmu kaɗan ne, gaskiya ke nan, kuma ba kowace mutuwar ƙafa ce shi ba: shanyewar ɓarin jiki ta hawan jini daban, shan inna daban. Amma kada wani ya ce ciwon Turawa ne ba ruwanmu. Ana samunsa a Masar da Sudan da Saudiyya inda 'yan'uwanmu suke zaune, ana samunsa a nan gida tun da na'urar hoton maganaɗisu, wadda ake kira Em-Ar-Ai, ta fara shigowa manyan asibitoci. A 2013 ma wani bincike a kudancin Kalifoniya ya nuna baƙaƙen fata na can sun fi farare kamuwa. Inda ba na'urar gani, ciwo ba ya shiga lissafi, sai a raɗa masa sunan iska ko sammu.

Dalilinsa kuwa haɗuwar abubuwa ne: akwai ɗan rabo na gado, akwai shan taba, akwai ƙarancin sinadarin nan da fata ke samu daga hasken rana. A 2022 masu bincike na jami'ar Habad suka bi bayanan sojojin Amurka fiye da miliyan 10, suka ga haɗarin kamuwa yana ninkawa sau 32 bayan shigar wata ƙwayar cuta mai suna Efstain-Bar. Ita wannan ƙwaya kusan kowane baligi a duniya yana ɗauke da ita, 'yan kaɗan ne ƙwarai take zame wa sanadi. Saboda haka ba a ɗaukar Em-Es daga mai shi. Wanda ya ware wa matarsa kwano don tsoronsa ya zalunce ta a banza.

Fasali, makircin ciwon

Nan ne nake so ku tsaya ku natsu, domin duk ɓarnar daga nan take. Cikin mutum 100 masu wannan ciwo, wajen 85 da irin mai zuwa ya tafi suke farawa. Ya taso kwanaki ko makonni, sa'an nan ya lafa da kansa, ko an yi magani ko ba a yi ba. Ido ya washe, ƙafa ta saki, mutum ya koma kasuwa. To, duk wanda ya taɓa mara lafiyan nan a ƙarshe, shi ke kwashe yabo. In hayaƙi aka yi masa, a ce hayaƙi ya yi aiki. In ƙaho wanzami ya kafa masa, a ce mugun jini ya fita. In jarkar tsimi ya sayo a bakin tasha, mai tsimi ya sami abin faɗa a lasifika. Alhali kuwa faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Da an ba shi ruwan randa ma, haka zai tashi.

Wane malami ne a cikinku bai taɓa buɗe gafaka ya tarar gara ta ci rabin littafi ba, bango kuwa daga waje lafiya lau? Haka wannan ciwo yake aiki a lokacin da mai shi ke cewa ya warke. Da aka riƙa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar masu shi wata wata, sai aka ga sababbin tabo suna fitowa ninki 5 zuwa 10 bisa yawan tashin da mutum ke ji a jikinsa. Ƙwaƙwalwa tana da dabara, in hanya ta toshe sai ta zagaya ta wata, mutum bai sani ba. Amma hanyoyin zagaye suna da iyaka. A 1998 kuma aka tabbatar ba kuben kaɗai ke lalacewa ba, zaren kansa yana tsinkewa a cikin tabon, tun a farkon ciwo, wanda ya tsinke kuwa ba ya ƙulluwa. Ranar da ajiya ta ƙare, ciwon ya daina zuwa ya tafi, sai ya zauna yana ci a hankali. Kafin a sami magani, a wani lissafi da aka fitar a Kanada a 1989, rabin masu ciwon sun kai ga dogara sanda cikin shekara 15 daga farawarsa.

Saboda haka ku fahimci aikin maganin, don kada ku nema masa abin da bai yi alkawari ba. Ba ya mai da warƙar da gara ta cinye. Aikinsa ya tsare warƙoƙin da suka rage. Wanda ya sha shekara ya ce ban ga abin da ya yi mini ba, a tambaye shi: cikin shekaran nan ciwo ya taso? In ya ce a'a, to, ai aikin ke nan. Mai gadi in ya kwana a ƙofa ba a yi sata ba, ba a korarsa da safe a ce ba shi da amfani.

Fasali, amsa ga masu hanawa

In wani ya ce: ai ya warke, shekara nawa ba abin da ya same shi. Mu ce masa, an gwada wannan magana taka. A ƙasar Holan aka ɗauki mutanen da suka shekara 5 ciwo bai motsa musu ba, aka raba su biyu, kashi ɗaya suka bar magani, kashi ɗaya suka ci gaba. Cikin mutum 45 da suka bari, ciwo ya farka wa 8. Cikin 44 da suka ci gaba, ko ɗaya. Tilas aka tsai da gwajin a 2023 tun lokacinsa bai cika ba. Haƙiƙa akwai wanda ya manyanta, ciwonsa ya daɗe a kwance, likita yana iya shawarta bari tare da shi, yana bin sa da hoto. Wannan hukuncin likita ne da mai ciwo, kawu da gwaggo ba su da baki a ciki.

In wani ya ce: tawakkali ya fi, mai imani ba ya rataya ransa ga allura. Mu ce masa, kai malam, ka fi Sayyidina Umar tawakkali? Da ya nufi Sham aka gaya masa annoba ta sauka can, juyawa ya yi da jama'arsa, kuma duk kun karanta yadda ya amsa wa wanda ya yi masa inkari. Majalisar fikihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa neman magani yana zama wajibi in barinsa zai kai ga halaka, ko rasa gaɓa, ko nakasa. To, ido ba gaɓa ba ne? Ƙafar da ke kai mutum jam'i ba gaɓa ba ce? Ba mu hana kowa addu'a ba, ba mu hana tofi da ayoyin Allah ba, mu ma muna yi. Abin da muke yaƙi da shi shi ne sharaɗin nan na banza, wai sai ka bar na asibiti nawa zai ci. Addu'a ba ta kishi da allura. Mai kishi da allura shi ne mai tsoron kada ciniki ya kuɓuce masa, ko kuwa mai so in ciwo ya komo ya sami hanyar cewa laifinka ne, ka haɗa.

In wani ya ce maganin Nasara ne, mu dubi tabaran da ke hancinsa da jirgin da ya kai shi Makka, mu wuce.

Kada kuma ku zaci ruɗin nan a ƙasarmu kaɗai yake. A 2009 wani likita a Italiya mai suna Zamboni ya ce ya gano asalin ciwon, wai jijiyoyin jini na wuya ne suka tsuke, in an buɗa su sai a sami sauƙi. Dubban mutane daga Kanada da Turai suka kwashi dukiyarsu suka ƙetare ƙasashe don a yi musu, waɗansu suka sami lahani, har da waɗanda suka mutu. A 2017 gwajin da shi kansa ya shugabanta ya nuna aikin ba ya amfani. Shi dai ya yarda aka gwada maganarsa aka auna. Namu masu lasifika, wa ya taɓa ƙidaya mutum nawa suka koma gida a kwance daga hannunsu?

In mai ciwon da kansa ya ce: maganin yana wahal da ni. Wannan magana ce ta gaskiya, ba mu raina ta. Allurar intaferon takan sa zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi kamar mura, musamman a watannin farko, shi ya sa ake yin ta da dare tare da farasitamol. Ƙwayar daimetil fumaret takan sa fuska ta yi zafi, ciki ya murɗa, in an sha da abinci abin yakan ragu. Amma ɗan'uwa, yau ba 1993 ba ce, shekarar da aka fara halatta intaferon a Amurka ba shi da na biyu. Gilatirama ya zo a 1996, natalizumab a 2004, ƙwayar haɗiya ta farko, fingolimod, a 2010, okrelizumab a 2017, wanda shi ne na farko da aka halatta ga irin ciwon da ke ci gaba tun daga farko ba ya lafawa. Yanzu sun haura 15. Akwai na kullum, akwai na wata wata, akwai ƙarin ruwa sau 2 a shekara. In takalmi ya matse ka, sake wani ake yi, ba a shiga ƙaya da ƙafa tsirara. Shi ma intaferon ɗin nan na farko, mai rage tashin ciwo da wajen kashi ɗaya cikin uku kawai, da aka bi sawun mutanen gwajinsa bayan shekara 21, aka ga haɗarin mutuwa ga waɗanda suka fara shi da wuri ya ragu kusan rabi bisa na waɗanda suka yi jinkiri. Na yanzu kuwa akwai waɗanda suka fi shi ƙarfi ƙwarai.

Ga wani abu da ke ruɗin mutane a ƙasa mai zafi irin tamu. Zaren da kubensa ya lalace ba ya son zafi. In bazara ta yi tsanani, ko zazzaɓin sauro ya kama mutum, ko ciwon fitsari, sai tsofaffin alamu su farfaɗo, ido ya yi hazo, ƙafa ta yi nauyi. Wani likitan ido Bajamushe, Uthof, ya bayyana wannan tun 1890. Mutum sai ya ce magani ya daina ci, ya watsar. Alhali in jiki ya huce, ko aka yi maganin zazzaɓin, sai abin ya wuce. Tashin ciwo na gaskiya shi ne wanda ya wuce yini da kwana ba zazzaɓi tare da shi. Ku duba kuma, mai irin wannan lalura shi ne ake lulluɓewa da bargo a tura masa hayaƙi da surace. In ya yanke jiki ya faɗi don zafi, sai a ce ga iskan nan ya bayyana.

Batun azumi kuwa, malamai, wannan fagenku ne, kada ku tsananta inda shari'a ta sauƙaƙa. Majalisar nan ta fikihu, a Jidda a 1997, ta ce allurar magani a fata ko tsoka ko jijiya ba ta karya azumi, sai fa wadda ke tsayawa matsayin abinci. Mai ƙwaya ya tambayi likitansa ko za a mai da ita ga sahur da buɗa baki. In ba hali, rangwamen mara lafiya sananne ne. Abin da ba shi da kyau shi ne a ajiye magani wata guda a ɓoye.

Fasali, game da mata

Tun da mata sun fi yawa a cikinsa, kuma a shekarun haihuwa, to, a nan ne aka fi yin kuskure. Mace ta ji tsoron kada a fasa aurenta, ta ɓoye ciwo ta ɓoye magani, ƙarshe ta bari. Ko miji ya ce ƙwayar nan ita ke hana ki ciki. Ku gaya musu Em-Es ba ya hana haihuwa. Tun 1998 bincike ya nuna ciwon yakan kwanta lokacin ciki, musamman watanni 3 na ƙarshe, sa'an nan ya yunƙuro cikin watanni 3 na farkon jego. Akwai magungunan da ke cutar ɗan tayi, kamar teriflunomaid da fingolimod, akwai kuma waɗanda likitoci ke barin mace a kansu, kamar gilatirama da intaferon. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mace mai son ciki ta je da mijinta wurin likita tun ba ta ɗauka ba, a sauya mata wanda ya dace, a kuma shirya ranar da za ta koma bayan ta sauka.

Fasali, batun kuɗi

Yanzu mun zo ga hujjar da ta fi dukansu nauyi, ba kuwa za mu yi muku ƙarya ba: magungunan nan suna da tsada, hoton Em-Ar-Ai yana da tsada, likitocin ƙwaƙwalwa da jijiya kaɗan ne. Wanda ya bar magani don babu, ba abin zargi ba ne, abin taimako ne. Amma a Yulin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da uku cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada: kiladiribin, da gilatirama, da rituksimab. Shi rituksimab tun 1997 ake amfani da shi wajen sankarar kaluluwa, saboda haka manyan asibitoci sun san shi, kamfanoni da yawa suna yin sa, kuma galibi sau ɗaya cikin wata 6 ake ƙara shi. A ƙasar Suwidin, duk da arzikinsu, shi ne suka fi ba masu wannan ciwo. Mai neman likitan jijiya ya nufi asibitin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko babban asibitin Yamai, ya faɗa wa likita iyakar ƙarfinsa ba kunya.

Ku kuma dangi, ku yi lissafi tsakaninku da Allah. Ragon nan, da kuɗin mota zuwa ƙauyen mai magani sau uku, da jarkokin tsimi, in an tara nawa ke nan? Masu fid da zakka suna zuwa gare ku, malamai, suna tambaya wa za su ba. Matalaucin da ke gab da rasa ƙafarsa yana cikin masu haƙƙi. Ku nuna musu ƙofarsa.

Kada talauci kuma ya tura mutum kemis ya riƙa sayen piredinisolon yana sha kullum don ya ji sauƙi. Irin wannan magani likita ke ba da shi da yawa kwana 3 zuwa 5 don gajarta tashin ciwo, ba ya tsare gaba. Mai dawwama a kansa yana jawo wa kansa ciwon sukari da hawan jini da raunin ƙashi. Kada kuma wani ya ari maganin wani. Akwai ciwo ɗan'uwan wannan, mai kama jijiyar ido da laka da tsanani, wanda ya fi yawa ga baƙar fata da mutanen Asiya bisa ga Turawa. Tun 2004 aka gano alamarsa a jini. In aka ba mai shi intaferon ko fingolimod, ƙara masa ciwo suke yi. Sai an bambance tukuna. Haka kuma kafin rituksimab lalle a gwada jini don ciwon hanta nau'in B, domin yana da yawa a ƙasashenmu, kuma maganin yana iya tashe shi daga barci. A duba tarin fuka kuma. Mai shan irin waɗannan magunguna, in tafiya ta kama shi aka ce sai ya yi rigakafin zazzaɓin shawara, ya tambayi likitansa kafin ya miƙa hannu.

Fasali, ga wanda ya riga ya bari

Ya kai ɗan'uwa, ya ke 'yar'uwa, na san abin da ke hana ku komawa: kunyar idon likita, da tsoron a ɗauki hoto a ga abin da ya ƙaru. Likita ya ga ire-irenku da yawa, faɗansa na minti biyu ne. Abin da ya ƙaru kuwa ya ƙaru, ko an duba ko ba a duba ba, kuma kowane wata da kuka ƙara a gida gara tana kan aikinta. Ku tafi da tsohon hoto, da kwalin maganin, ku faɗi ranar da kuka bari da dalilin bari ba ɓoye-ɓoye. Kada ku ɗauko ragowar ƙwaya daga ƙasan akwati ku ci gaba da kanku. Fingolimod, in an bar shi ya wuce mako 2, haɗiyar farko sai a gaban likita ana duba bugun zuciya sa'a 6. Wanda yake kan fingolimod ko natalizumab yanzu kuma yana tunanin bari, kul! Su biyun nan in an yanke su haka kawai, ciwon yakan komo da ƙarfin da ya fi na da. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta fid da gargaɗi bisa fingolimod, saboda an ga waɗanda ke tafiya da ƙafarsu suka koma keken guragu bayan sun bari. In kuɗi ne ke shirin yankewa, a gaya wa likita tun da sauran kwali a hannu, don ya shirya abin da zai maye.

Ku kuwa malamai, in aka kawo muku saurayi ko budurwa, ido ɗaya ya dushe yana zafi, ko ƙafa ta mutu ta farfaɗo ta sake mutuwa, ku yi masa addu'a iyakar iyawarku, sa'an nan ku ce da ubansa gobe da safe ya kai shi asibiti. In kuwa mai magani ne a hannu ya zo yana neman fatawar bari, ku tambaye shi ko likitansa ya sani. In ya ce a'a, kada ku yi shirun da na yi.

Almajirin nan nawa yanzu yara yake biya wa karatu da baki, in ana bukatar rubutu wani yaro ke riƙe masa alƙalami. Shi ya ce in rubuta muku wannan, kuma na karanta masa kafin a buga.